Daga Sharada zuwa jami'o'in ƙetare: ilimi muke nema ko kwali?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Duk wanda ya bi titin Sharada da sassafe, daidai lokacin da ma'aikatan dare ke fitowa na safe ke shiga, zai ga kamfanonin da har yanzu injinansu ke ruri, na roba da na shinkafa da na man girki. Zai kuma ga ƙofofin da aka garƙame shekara da shekaru, ciyawa ta cinye harabarsu, wasu an mayar da su wurin ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Haka abin yake a Challawa, haka yake a Bompai. A unguwannin da ke kewaye da waɗannan masana'antu kuwa, daga Ja'en zuwa Panshekara har Dakata, da wuya mutum ya zauna a majalisa bayan sallar isha'i bai ji ana zancen yaron da ake shirin turawa Indiya ko Masar ko Turkiyya ko Ingila ba. Wani an sayar da fili saboda shi, wani ana jiran ejan ya kira, wani kuma an kai ga yin bankwana.

Muna ganin waɗannan abubuwa biyu, wato halin da masana'antunmu ke ciki da ɗokin da muke yi na tura yara waje, ya kamata a riƙa duban su tare. Fita neman ilimi gadonmu ne, ba ma ƙyamarsa. Sai dai albarkar tafiyar ana ƙulla ta ne ko a kwance ta tun a gida, ranar da aka zauna za a cike fom. Gidan da bai iya faɗa wa kansa gaskiya game da ilimin da yake nema, da makarantar da zai tura ɗansa, da takardun da zai gabatar, da kuɗin da zai biya ba, to abin da ya fi masa shi ne ya dakata har sai ya iya.

Tafiyar da muka gada

Babu wani Musulmi da zai yi jayayya a kan halaccin yin tafiya domin ilimi. Suratul Kahfi ta ba mu labarin Annabi Musa (AS), wanda duk da matsayinsa ya ɗauki guzuri ya yi doguwar tafiya don ya koyi abin da bai sani ba. Imamu Bukhari ya ambata cewa sahabi Jabir ɗan Abdullahi (RA) ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unais saboda hadisi ɗaya tak. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa domin al'umma na da buƙatarsa, abin da ke nuna cewa karɓar ilimi mai amfani daga wanda ba Musulmi ba ba laifi ba ne. Waɗannan hujjoji sun wadatar da mu, ba sai mun jingina da maganar nan ta zuwa ƙasar Sin ba, wadda malaman hadisi ba su inganta ta ba.

A ƙasarmu ma tarihi ya shaida. Tun a tsakiyar ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makaranta da masauki a Masar saboda ɗalibansu da alhazansu, kamar yadda masanin tarihi Al-Maƙrizi ya rubuta. Muhammadu Al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya bar ƙasar Hausa ya yi hajji ya zauna a Alƙahira yana karantarwa, har ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya je har Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, a 1934, aka buɗe makarantar shari'a ta Kano da malamai daga Sudan, wadda daga baya ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Jami'ar Landan a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946, Shaihu Abubakar Mahmud Gumi kuma ya yi karatu a Bakhtur Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Tun da aka buɗe Jami'ar Musulunci ta Madina a 1961, Kano ba ta daina tura 'ya'yanta can ba.

Abin lura a nan shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah ya san abin da ya fita nema da kuma wurin wanda zai same shi. Aya ta 122 a Suratut Tauba, da ta yi maganar wani rukuni ya keɓe kansa don neman fahimtar addini, ta haɗa wannan da amfanar da mutanensu bayan an sake haɗuwa. Ke nan tun asali ana auna tafiyar ilimi ne da abin da ta jawo wa mutanen gida.

Uzurin iyaye

Adalci ne mu yarda cewa iyayen da ke hangen waje suna da dalili. A 2022 malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur yara na zaune a gida. Guraben karatun likita a jami'o'inmu ba su kai yawan masu neman su ba, ta yadda yarinya za ta ci JAMB da maki mai kyau amma a tura ta wani fannin da ba ta nema ba. Akwai kuma fannonin da kayan gwajinsu sun yi ƙaranci a gida. Gwamnatocin Kano su ma sun buɗe wannan ƙofa: a wa'adin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, an tura ɗalibai rukuni-rukuni, farawa da 501, sannan a 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin da ɗalibai 1,001 masu neman digiri na biyu, akasarinsu zuwa Indiya da Yuganda. 'Ya'yan talakawa da dama sun zama likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a ta wannan hanya, kuma kowa ya san irinsu a unguwarsu.

Saboda haka tambayar da ke gabanmu ita ce yadda za a tafi, da kuma abin da za a je nema.

Wane ilimi?

Imamu Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafa likitanci da lissafi, har ma da saƙa da ɗinki da noma, a cikin farillan kifaya, wato ayyukan da in babu mai yin su a gari to laifin ya hau kan kowa. Ya kuma koka da yadda ɗaliban zamaninsa suka yi cincirindo a fanni ɗaya saboda a nan muƙami da suna suke, suka bar garuruwa babu likita Musulmi. Da zai zagaya Sharada a yau, da wataƙila ya maimaita wannan kuka da wasu kalmomin.

Mu duba sana'ar fata. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya yi mamakin yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan da takalman da aka ɗinka suke kaiwa nesa a faɗin Afirka ta Yamma da hamada. Yau kamfanonin jima na Challawa da Sharada suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifen, amma ribar mai tsoka tana wurin wanda ya mayar da ita jaka da takalmi ya maƙala mata suna. Sinadaran jimar daga waje ake sayo mafi yawansu. Ruwan dagwalon da ke fita daga kamfanonin, mai ɗauke da sinadarin kuromiyom, ya daɗe yana damun mazauna gefen kogin Challawa da manoman rani. A wasu kamfanonin, in babban inji ya tsaya, sai an jira ƙwararre ya zo daga wata ƙasa. Matsalar wutar lantarki ta sa da yawa sun dogara da janareto da man dizal, kuma ranar da bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, ya fara kawo gas, za a nemi masu sanin yadda ake sarrafa shi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan giɓi fanni ne na karatu mai zaman kansa. A Chennai ta Indiya, ƙasar da muke tura yaranmu da yawa, akwai babbar cibiyar binciken fata da aka kafa tun 1948. Ɗalibai nawa ne daga Kano suka taɓa tunanin neman ta? Mu nawa ne ma muka san cewa a Samarun Zariya akwai cibiyar ƙasa ta koyar da kimiyyar fata, wadda yaro zai iya farawa da ita kafin ya hangi ƙetare? Sau da yawa abin da ke faruwa shi ne ejan ya kawo jerin kwasa-kwasan da ke da gurbi, a zaɓi mafi araha ko mafi daɗin suna, yaro ya shekara uku ko huɗu ya dawo da digirin da Jami'ar Bayero ko ta Wudil ke bayarwa a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Za a iya ce mana, shin za mu ɗaure makomar yaro ne da masana'antun da su kansu numfashi suke da ƙyar? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba za mu yi alƙawarin cewa duk wanda ya karanto injiniyanci aiki na jiran sa a Bompai ba. Amma wanda ya dawo da sana'a a hannunsa da ƙwaƙwalwarsa yana iya buɗe ɗan ƙaramin wurinsa, ko ya yi wa kamfanoni goma gyara, ko ya koyar da wasu. Wanda ya dawo da kwali kaɗai kuwa sai ya shiga layin masu jiran gwamnati, kuma layin ya riga ya yi tsawo.

Wace makaranta?

A ƙarshen Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga bautar ƙasa. Ranar 2 ga Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agustan wannan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano 'yan Najeriya fiye da 22,000 da ke riƙe da takardun bogi daga ƙasashen biyu. A cikin waɗanda abin ya rutsa da su akwai waɗanda suka san abin da suka saya, akwai kuma yaran da suka zauna a aji da gaske, iyayensu suka biya da guminsu, amma babu wanda ya tsaya ya bincika matsayin makarantar.

Hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare ta sha jan kunnen iyaye game da tura yara Arewacin Sayifurus, yankin da Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. Hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN, ta bayyana a 2022 cewa ba za ta karɓi karatun likitan da aka yi ta intanet daga Yukren a lokacin yaƙi ba. Duk wanda ya karanto likitanci a waje sai ya zauna jarrabawar wannan hukuma kafin ya taɓa marar lafiya a Najeriya, kuma ba kowa ke haye ta ba. Wanda ya karanto lauya sai ya yi ƙarin zango a Makarantar Horar da Lauyoyi. Kowane mai digirin waje kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta tantance takardarsa kafin NYSC ta karɓe shi.

Matambayi ba ya ɓata. Kafin a biya ko sisin kwabo, a tabbatar hukumar ilimi ta ƙasar da makarantar take ta amince da ita da kuma wannan kwas ɗin musamman. A tambayi hukumar da ke kula da sana'ar a Najeriya ko tana karɓar ɗalibanta. A rubuta wa makarantar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta, a kuma nemi ɗalibi biyu ko uku da ke can yanzu, waɗanda ba ejan ne ya haɗa mu da su ba. Ya kamata mu sani cewa akwai ejan na kirki, amma galibi ladansa yana fitowa ne daga makarantar da ya kai wa ɗalibi, don haka shawararsa ta mai talla ce. Manyan hanyoyin tallafi, irin su gurbin Jami'ar Madina, da tallafin gwamnatin Turkiyya da ake buɗewa a farkon kowace shekara, da Chevening na Birtaniya, duk ɗalibi ne ke nema da kansa ta intanet, kuma ba a biyan kuɗin fom. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro ɗaya daga cikinsu, a yi hattara da shi.

Fom shaida ne

A nan ne muka fi jin tsoro, domin a nan ne mutanen kirki ke zamewa ba tare da sun ɗauki abin zunubi ba. A ƙarshen kusan kowane fom na neman gurbi ko na biza akwai wurin da mai nema ke tabbatar da cewa duk abin da ya rubuta gaskiya ne. Wannan shaida ce, kuma Manzon Allah (SAW) ya lissafa shaidar zur a cikin mafi girman kaba'irai. Kasancewar wanda ake yi wa ƙaryar Bature ne ko ofishin jakadancin wata ƙasa bai sauya hukuncin ba.

Mu ɗauki misalin shaidar kuɗi. Birtaniya na buƙatar ɗalibi ya nuna cewa kuɗin makaranta da na zama sun kwana 28 a jere a asusunsa ko na iyayensa. Amurka na buƙatar shaidar kuɗin shekarar farko kafin makaranta ta ba da takardar I-20. Saboda haka wata kasuwa ta buɗe: mutum zai zuba maka miliyoyi a asusu na wata guda, ka buga takardar banki, ka mayar masa da kuɗinsa tare da ƙarin wani kaso. A cikin wannan ciniki an haɗa haramun biyu. Na farko yaudara, domin an nuna dukiyar da ba a mallaka ba. Na biyu riba, domin rance ne aka mayar da ƙari, kuma sauya masa suna zuwa kuɗin hidima bai fitar da shi daga riba ba. Yaron da aka ɗora karatunsa a kan wannan harsashi, da wane bakin za mu roƙa masa albarka?

Haka nan wasiƙar da ɗalibi ke bayyana manufarsa da tarihinsa, wadda ake ba wani ya rubuta ya cika ta da ayyukan sa kai da ba a taɓa yi ba. Haka takardar shaidar malami da malamin bai san da ita ba, da sakamakon WAEC da aka gyara, da shekarun haihuwa da aka rage, da auren takarda da ake ƙullawa don a sami biza. Neman wanda ya fi mu Turanci ya duba rubutu ya gyara kuskure babu laifi a ciki. Laifin yana wurin ƙirƙirar mutumin da babu shi a sa masa sunan ɗanmu.

Ramin ƙarya ƙurarre ne tun a duniya. Dokar Birtaniya ta ba da damar hana mutum shiga ƙasar har shekara 10 idan aka kama shi da yaudara a neman biza, a Amurka kuwa haramcin na iya zama na har abada. Illar kuma ba ta tsaya a kan mai laifin ba. Duk takardar bogi da aka kama daga Kano tana ƙara wa ɗalibi mai gaskiya da zai zo bayanta wahalar a yarda da shi.

Lissafin kuɗi har zuwa ƙarshe

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a tara kuɗin shekarar farko a ce sauran Allah zai kawo. Tawakkali gaskiya ne, amma an umarce mu mu ɗaure raƙumi tukuna. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Magidancin da ke biyan dala 10,000 a shekara, wanda ya yi lissafin naira miliyan 4.6, sai ya wayi gari ana neman miliyan 15 a wurinsa. A wannan shekarar an ga ɗaliban Najeriya a Ingila da aka dakatar da karatunsu aka umarce su su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta.

Kuɗin makaranta kuma ba shi ne kaɗai ba. Ɗalibi a Birtaniya na biyan fam 776 na kiwon lafiya a kowace shekara, a dunƙule tun kafin ya tashi. Mai zuwa Amurka na biyan dala 350 na rajistar ɗalibai ban da kuɗin biza. Jamus, wadda mafi yawan jami'o'in gwamnatinta ba sa karɓar kuɗin karatu, tana buƙatar a ajiye kusan Yuro 12,000 na shekara guda a asusu na musamman. Dogaro da cewa yaro zai yi aiki ya biya wa kansa shi ma yana da iyaka, domin Birtaniya da Amurka duk sun taƙaita aikin ɗalibi zuwa awa 20 a mako lokacin karatu, kuma yaron da yunwa ta matsa wa zai iya karɓar aikin da a gida ba zai kusance shi ba. Dokokin ma sauyawa suke yi: daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan ɗalibai tafiya da iyalansu, a Yulin 2025 kuma Amurka ta rage wa'adin yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku, shiga ɗaya.

Ko tallafin gwamnati yana buƙatar shiri na biyu. Mun ga ɗaliban Kano da suka kammala karatu amma takardunsu suka maƙale shekaru saboda bashin da makarantunsu ke bi bayan sauyin gwamnati. Mun ga na gwamnatin tarayya a ƙasashe daban-daban suna kukan rashin alawus wata da watanni.

Akwai kuma haƙƙin sauran 'yan gida. Lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya so ya fifita shi da kyauta a kan 'yan'uwansa, Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Malamai sun bambanta kyauta da ciyarwar da buƙata ta jawo, don haka biya wa mai hazaƙa karatu ba zalunci ba ne a kan kansa. Amma sayar da gidan da iyali ke ciki, ko taɓa gadon marayu, ko cire ƙanne mata daga makaranta domin wa ya tafi Turai, abu ne da ya wajaba a kai gaban malami masani a kuma yi shawara da waɗanda abin ya shafa kafin a aikata.

Hannun da zai karɓe shi

Yaron da ya tashi yana jin kiran salla daga masallatai biyar a lokaci guda, in ya sauka a garin da babu mai tashin sa da asuba, a ranar ne za a san abin da aka shuka masa. Wannan ya sa muke ganin, in ba da wata larura ba, ya fi dacewa a yi digirin farko a gida a fita a na biyu, lokacin da hankali ya ƙara nuna kuma kuɗin shekara ɗaya ko biyu ne kawai. In kuwa dole ne a tafi da wuri, to a san masallacin da ke kusa da makarantar, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi, da inda ake samun abincin halal, da wani babba mai amana da zai riƙa leƙa shi. Kada kuma mu ɗauka cewa tura yaro ƙasar Musulmi ya ɗauke mana wannan nauyi, domin kaɗaici da kuɗi a hannu da rashin mai tsawatarwa suna aiki a Alƙahira kamar yadda suke yi a Landan.

Game da 'ya'ya mata, malamai sun yi saɓani kan tafiyar mace ba tare da muharrami ba idan an sami amintacciyar tawaga da amintaccen masauki. Kowane gida ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne mu rufe ƙofar gaba ɗaya ba tare da neman mafita ba, alhali mu ne ke ƙorafi idan matanmu suka je asibiti ba su tarar da likita mace ba.

Yaƙin Yukren da ya ɓarke ranar 24 ga Fabrairun 2022, da na Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, sun koya mana wani darasin. Ɗalibanmu na Khartum, waɗanda da yawansu 'yan Kano da Jigawa ne, sun kwana da kwanaki a kan iyakar Masar kafin a fara kwaso su a farkon watan Mayu, wasu kuma suka dawo babu wata takarda da ke nuna shekarun da suka yi. Don haka ɗalibi ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da zarar ya sauka, ya kuma riƙa karɓar sakamakonsa a ƙarshen kowace shekara yana aiko da kwafi gida.

Nauyin da ke kan sauranmu

Ba iyaye kaɗai ke da aiki ba. Masu masana'antu na Sharada da Challawa da Bompai, ta hannun ƙungiyarsu, za su iya fitar da jerin ƙwarewar da suke rasawa duk shekara, su ɗauki nauyin yara kaɗan bisa yarjejeniyar su dawo su yi musu aiki na wasu shekaru. Gwamnati za ta iya ɗora zaɓen kwasa-kwasan tallafinta a kan irin wannan jeri, ta kuma ware kuɗin karatun kowane ɗalibi har ƙarshensa tun ranar da ya tashi. Attajiranmu za su iya kafa waƙafi na ilimi da ke ba da rance marar ruwa, domin a rufe kasuwar masu hayar kuɗi. Waɗanda suka yi karatu a waje suka dawo, kuma suna da yawa a Kano, za su iya ware yammacin Asabar ɗaya a wata a makarantar Islamiyya ko harabar masallacin Juma'a su duba wa yara fom kyauta. Wannan sadaka ce da ba ta buƙatar ko naira ɗaya.

Ku kuma ɗalibanmu, wanda aka tura da kuɗin jama'a ko da gumin iyaye ya san amana ya ɗauka. In akwai sharaɗin dawowa a takardar da kuka sa wa hannu, kamar shekara biyun da Chevening ke gindayawa, cika shi wajibi ne. Wanda kuma zama ya kama shi a can bisa halal, kada ya manta cewa akwai ƙanne a Ja'en da Dakata da ke buƙatar wanda zai nuna musu hanya.

Kafin a cike fom na gaba a gidajenmu, muna roƙon uba da uwa da yaro su zauna wuri ɗaya, su rubuta amsar waɗannan tambayoyi a takarda, kowa ya faɗi abin da ya sani ba tare da ƙari ba. In amsoshin sun tsaya da ƙafafunsu, a yi istihara, a sa albarka, a raka shi filin jirgin Malam Aminu Kano da farin ciki. In kuwa ba su tsaya ba, jinkirin shekara guda a gyara shiri ya fi shekara huɗu da za a yi ana biyan kuɗin abin da ba zai amfani kowa ba.

Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya tsare su a inda suke, Ya azurta mu da halal, Ya kuma dawo mana da su lafiya. Amin.